Ɗakin da Na Zaɓa Masa

Litinin, 30 ga Satumba, ƙarfe bakwai na safe

37,1.

Likitan Yamai ne ya ce in sayi kaye, littafin rubutu, in riƙa rubuta zafin jikin maigidana safe da yamma. To na saya, ga shi na rubuta. Sauran shafin kuwa nawa ne, tunda ba ni da wanda zan faɗa wa abin da ke cikina a gidan nan ban ji shi a kasuwa washegari ba.

Shekaranjiya muka dawo Agadas bayan zagaye na biyu na shimiyo, maganin sankara. Sankarar jini. Inoussa (a takarda ina iya rubuta sunansa, a baki Baban Mariya ne) ya rame har agogonsa na zamewa zuwa gwiwar hannu. Likita ya ce maganin ya kashe cutar ya haɗa da ƙwayoyin da ke tsare jiki, yanzu ko ɗan abin da yaro zai yi atishawa ya wuce, shi yana iya kayar da shi. Ban da taro, ban da mai tari, ban da abincin da ban san yadda aka yi shi ba. Ranar 28 ga Oktoba za mu koma zagaye na uku. Aikina ɗaya ne, in kai shi ranar nan da ƙafarsa.

Sai ga unguwa ta taso kaf, kowa da sannu, kowa da miƙa hannu. Haba! Jiya na ɗauke shi daga falo na mayar da shi ɗakin ƙurya, wanda yake tara ragowar albasar Tabelot idan kamyo, babbar motar kaya, ya sauke ba a sayar duka ba. Bangon laka ne mai kauri, sanyi kamar randa, kuma ba mai isa can sai ya bi ta gabana.

Ƙaninsa Issouf, wanda ke riƙe masa da sana'ar yanzu, ya tsaya yana sosa ƙeya. Wai, "Madam, ɗakin nan ba na kwana ba ne." Na ce na mene ne? Ya ce na albasa ne. Ai na sani. Kamyoyi sun fara saukowa daga dutse, wurin aje buhu yake nema. Yayansa bai mutu ba an fara rabon ɗakuna.

Laraba, 2 ga Oktoba, bayan la'asar

36,9. Alhamdu lillahi.

Na share ɗakin tas, ɓawon albasa har kwando biyu, shi kuma yana kwance yana yi mini tsiya wai maîtresse, malamar makaranta guda, ta koma lebura. Akwai baƙin tabo a bangon gabas, inda buhuna ke jingina. Na goge da tsintsiya bai fita ba, sai wani gari-gari da ya tashi, na rataya zane a kai. Na toshe 'yar tagar da kwali saboda yaran maƙwabta masu leƙe. Na jawo masa imidifikater, na'urar nan mai jiƙa ciyawa tana huro sanyi. Ya ce rabon da ya yi barci irin na yau tun kafin Yamai. Ya ce warin albasar ma daɗi yake masa, warin aikinsa ne.

Yaya Nafi, yayarsa, ta zo da kwanon fura da cuku da dabinon Fachi. Na karɓa, na yi godiya, tana fita na zubar. Wa ya san da wane ruwa aka dama? Kuma tun yaushe Yaya Nafi ta fara dama fura ta kawo gidana? Shekara goma sha ɗaya ina gidan nan.

Asabar, 5 ga Oktoba, ƙarfe shida na yamma

38,4. Na sake aunawa. 38,5.

Lahadi, 6 ga Oktoba, da hantsi

Mun je asibiti. An ɗibi jini, ba masassarar cizon sauro ba ce. An rubuta ordonas, takardar magani, allura safe da yamma.

A hanyar dawowa ya ce mini, da murmushinsa, ranar Alhamis da na tafi lakkol, makarantar da nake koyarwa, Yaya ta dawo da wani kwanon, ya sha rabi. Wai ya ji kunyar ƙin na yayarsa, ita ta goye shi. Alhamis ya sha, Asabar jiki ya ɗau zafi. Ni dai lissafi nake koya wa yara.

Ta jira sai da na fita. Wannan shi ne abin da ya tsaya mini a wuya.

Talata, 8 ga Oktoba, ƙarfe biyu na rana

39. Ya fara tari, busasshe, yana dafe haƙarƙarin dama. Allurar ba ta yi komai ba. Na ɗauki hutu daga lakkol, na kai Mariya wurin Innata.

Alhamis, 10 ga Oktoba, bayan azahar

39,2.

Na fito zubar da ruwa na tarar da Issouf da Yaya Nafi a zaure, kai a haɗe. Ganina suka yi tsit. Tsit fa! Ita ta hau gyaran lulluɓi, shi ya hau duba salula. Na ce lafiya? Suka ce lafiya lau.

Da ta tafi ya biyo ni har bakin murhu. "Madam, don Allah, maganar ɗakin nan. Ko yini ɗaya muka yi muna zaɓen albasa a ciki, da tari muke fita." Na ce to ai yanzu babu albasa, na share. Ya buɗe baki zai ƙara, na ce Issouf, in wurin buhu kake so, je ka kama mangaza, ɗakin ajiya, a tasha kamar kowa. Ya dube ni wani iri, ya fita.

Da ni da shi wasa muke yi, ƙanin miji ne. Yanzu ko dariyarsa na ji sai in tsaya in auna ta.

Ba na zargin kowa. Rubutawa kawai nake yi.

Asabar, 12 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma, asibiti

39,8. An ba shi gado.

Da safe ina goge masa jiki na ga wani tabo a ƙwaurinsa, ja a gefe, baƙi ƙirin a tsakiya kamar an ɗana masa garwashi. Wani kuma a damtse. Bai ƙone ba, bai buge ba. Sai ya yi tari, na ga jini a mayafi.

Ina cikin neman mota sai ga Yaya Nafi da kwanonta. Wallahi ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. A ƙofar gida, gaban matan unguwa, na ce, "Me kike zuba masa? Tun da ya sha abinki bai ƙara lafiya ba. Kada ki sake zuwa inda yake, ko gida ko asibiti. In Allah ya tashe shi ya neme ki da kansa."

Ta aje kwanon a dakali ta juya. Wadda ba ta yi komai ba ai sai ta yi rantsuwa, ta yi kuka, ta tara mini jama'a. Ita ko kallona ba ta yi ba.

Ban yi nadama ba. Na rubuta don in tuna cewa ban yi ba.

Litinin, 14 ga Oktoba, ƙarfe tara na safe

39,6. An canza allura. Ina duba kowace kwalba kafin a zuƙa, ranar lalacewarta da hatiminta. Ma'aikaciyar jinyar ta fara shan mini toka. Jiya na ga Issouf yana gaisawa da ita a baranda suna dariya. Daga ina ya san ta?

Talata, 15 ga Oktoba, da rana

40. Tabo huɗu.

Laraba, 16 ga Oktoba, bayan la'asar

Doktor Mourtala, likitan da ke duba shi a nan, ya kira ni ofis. Ya ɗaga hoton ƙirjin a hasken taga ya nuna mini wasu fararen dunƙule-dunƙule a huhun dama. Ya ce ba tarin fuka ba ne, an gwada. Ya ce sun yi magana da likitan Yamai, ya kuma aika masa hoton tabban, dukansu abu ɗaya suke zato: champignon.

Na ce me? Ya ce fumfuna, Madam. Irin wadda ke fitowa a kan burodin da ya kwana biyu. Garinta na yawo a iska, ni da shi muna shaƙa kullum jikinmu na kashewa. Amma wanda shimiyo ya kwashe masa masu tsaro, sai ta sami wurin zama a huhu, ta tsiro, ta bi jini. Tabban fata alama ce ta riga ta bazu. Shi ya sa alluran ba su yi aiki ba, ba maganinta ba ne. Nata daban ne, kuma babu shi a Agadas, sai an aiko daga Yamai.

Sai ya hau tambaya yana rubutawa. Ina yake kwana? Akwai tattabaru a gidan? Ana gini ko rushe bango kusa? Akwai inda ake aje hatsi, ko ciyawa, ko wani abu mai ruɓewa?

Na ce ɗaki ne mai tsabta, ni na share da hannuna. Ba tattabaru. Ba gini.

Na ce, Doktor, abinci fa? In an ba shi cuku, ko fura da ba a san ruwanta ba? Ya ce bai kamata ya sha ba, gaskiya ne, amma irin wannan galibi ta hanci take shiga.

Galibi ya ce. Bai ce kullum ba.

Alhamis, 17 ga Oktoba, ƙarfe goma na safe

39,9. Issouf ya yi ta waya tun jiya, ya sami wanda zai karɓi maganin a Yamai ya ba direban kar, motar fasinja. Wai yana isowa gobe. Saurin nan nasa ma ni bai kwanta mini ba. Ko kuwa ni ce komai ba ya kwanta mini yanzu, oho.

Juma'a, 18 ga Oktoba, bayan an sauko masallaci

Kar ta lalace a Aderbissinat. Sai gobe.

Na je gida ɗauko masa kaya. Kayan na ɗakin ƙurya, ban shiga ba. Na ɗauko na kan igiya, ko da ba su gama bushewa ba.

Asabar, 19 ga Oktoba, ƙarfe huɗu na yamma

Magani ya iso, an sa masa a serom, cikin ƙarin ruwa. Yana sa shi rawar ɗari har gadon na kaɗawa. Doktor ya ce haka yake yi, a jure. 39,4.

Na koma gida. Na shiga ɗakin. Kwana bakwai a rufe, da ruwa a cikin na'urar.

Na ɗaga zanen da ke bango. Na mayar da shi.

Na ɗaga tabarmar da ke ƙarƙashin katifa. Ita ma na mayar.

Ba abin da zan rubuta yau.

Litinin, 21 ga Oktoba, da hantsi

39,1. Ya ɗan sha kunu. Ya ce kansa na sara.

Albasa ai abinci ce. Kowa na ci. Shekara ashirin yana cikinta bai taɓa ko mura ba.

Talata, 22 ga Oktoba, bayan azahar

Na je karɓar takardar analiz, sakamakon gwajin jini, ƙofar ofis a buɗe, sai na ji muryar Issouf a ciki. Na laɓe. Ban ji kunyar laɓewar ba, na ce yau zan ji abin da ake ƙullawa.

Cewa yake, "Doktor, akwai abin da ba a faɗa maka ba. Ɗakin da ya kwana, nan muke zaɓen albasa. Wadda ta ruɓe tana yin baƙin gari a ƙarƙashin ɓawo, garin ya kama bangon da rufin. Laifina ne. Ni na san ɗakin, ni ya kamata in kwashe shi daga ciki. Madam ba 'yar sana'ar ba ce, ba ta sani ba."

Doktor ya ce yana iya yiwuwa, yana yiwuwa ƙwarai. Amma ba zai rantse ba. Mutum mai sana'ar nan yana iya ɗauke da ita a hanci tun tuni, tana jiran ranar da jiki zai faɗi. Ba wanda zai iya cewa ga ranar, ga wurin. Ya ce dai kada a sake mayar da shi ɗakin.

Na tare Issouf a baranda. Maimakon in gode masa, faɗa na hau shi da shi, don ban san me zan yi da fuskata ba. Na ce me ya hana ka faɗa mini dalla-dalla? Ya ce, "Na faɗa, Madam. Sau biyu. Ban san sunanta da faransanci ba, tari kawai na sani."

Na ce to ƙus-ƙus ɗin da kuke yi a zaure fa, kai da Yaya?

Ya ce ɗakinta na siminti ta kwashe, ta wanke da ruwan javel mai kashe ƙwayoyin cuta, ta koma kwana a rumfa, don a mayar da shi can. Shawara suke yi yadda za su faɗa mini ba tare da na ce za a raba ni da mijina ba. Furar ma da tafasasshen ruwa take damawa, shi ya gaya mata abin da likitan Yamai ya ce. Ya ce, "Tsoronki muke ji, Madam. Tun da kuka dawo kowa tsoronki yake ji."

Ni? Ni da ban runtsa ba don kada wani abu ya same shi?

Laraba, 23 ga Oktoba, ƙarfe takwas na safe

Doktor ya ce ba zai rantse ba. Da kunnena na ji. Ba zai rantse ba.

38,9.

Alhamis, 24 ga Oktoba, da yamma

Kofi ya suɓuce daga hannunsa na hagu sau biyu. Bakinsa ya ɗan karkace. Doktor ya haska idonsa da tocila ya daɗe, ya ce yana tsoron fumfunar ta kai ga kai. Ba zai iya jure hanyar Yamai a haka ba. Maganar 28 ga wata an ɗage ta, ba a sa wata rana ba.

Juma'a, 25 ga Oktoba, bayan la'asar

Yau ya farka sarai, kamar ba shi ba. Ya gane ni, ya tambayi Mariya, ya tambaya ko kamyon Tabelot ya sauka. Har ya tsokane ni wai na tsufa cikin wata ɗaya.

Sai ya ce, "Zeinabou, ina Yaya? Ban ga Yaya ba."

Na ce tana nan lafiya.

Bayan an jima ya sake. "Yaya ba ta san ina asibiti ba ne?" Na ce ta sani. Ya ce to me ya hana ta zuwa, ko ya yi mata wani laifi ne? Na ce ƙafarta ce ke ciwo. Allah ya yafe mini.

Na uku bai tambaya ba, cewa ya yi, "Ki kira mini ita. Akwai abin da zan faɗa mata."

Na ce to, gobe da safe.

Ta yaya zan shiga gidan matar nan? A gaban mutum nawa na faɗi abin da na faɗa? In na je in ce mata me, in ce ba ke ba ce, ni ce? Bakina ya kasa ko a nan cikin kaye, balle a gabanta. Bari in kwana in shirya maganar.

Asabar, 26 ga Oktoba, ƙarfe uku na rana

40,1. Yini ya yi yana barci. Na ce in ya farka zan je, kada ya farka ba kowa. Issouf ya ce in ba shi izini ya kira ta. Na ce a'a, ni na kore ta, ni zan ɗauko ta.

Ban je ba.

Lahadi, 27 ga Oktoba, bayan azahar

Da safe Doktor Mourtala ya fito da ni baranda ya ce duk wanda ya kamata ya gan shi, a kira shi yau.

Na ɗauki mayafi na fita da gudu-gudu, ina haɗa maganar da zan faɗa a hanya. Ban ko kai titi ba. A gindin bishiyar da ke gefen ƙofar asibiti, inda masu jinya ke shanya, na gan ta zaune a kan 'yar tabarma da carbi. Ni kullum ta ƙaramar ƙofar farmasi nake shige da fice, ban taɓa bi ta nan ba. Mai sayar da shayi ya ce tun ranar da aka kawo mu take zuwa, daga hantsi har magariba, Issouf na fitowa yana gaya mata yadda ake ciki. Ta hana shi faɗa mini. Kwana goma sha biyar. Daga inda take zuwa gadonsa bai kai tafiyar minti biyu ba.

Na durƙusa. Duk maganar da na shirya ta gudu. Na ce, "Yaya, ba furarki ba ce. Ɗakin ne. Ni na sa shi a ɗakin."

Ta ce, "Tashi, Zeinabou, mutane na kallo. Ke ma so kike ya rayu." Ta naɗe tabarmarta, ta ce, "In shiga?"

Ta wanke hannu har gwiwa, ta sa takunkumin da aka ba ta, ta tsaya a kansa. Ta kira shi da sunan da take kiransa yana yaro. Idonsa a buɗe yake amma bai juyo ba. Ta kama hannun, ta sake kira, ta sake. Numfashi kawai yake yi.

Ta daɗe a tsaye. Sannan ba tare da ta dube ni ba ta ce, "Ya neme ni kuwa?"

Da a ce na ce a'a, ba wanda zai ƙaryata ni, mu biyu ne a ɗakin ranar. Na ce, "Ya neme ki, Yaya. Sau uku. Ya ce akwai abin da zai faɗa miki."

"Yaushe?"

"Ranar Juma'a."

Ta juyo ta dube ni, karo na farko tun ranar ƙofar gida.

Ta ce, "Yau Lahadi."

Ta ja kujerar da nake zama a kai kwana goma sha biyar ta zauna, hannunsa a cikin nata. Ni ina nan baranda, a ƙasa, ina rubutu a kan gwiwa. Ba wanda ya ce kada in shiga.